Maƙwabciyar Kusurwa

A shekarar da nake rubuta memuwar, wato kundin binciken ƙarshen karatu a jami'a, a gidan kakata nake zaune, a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Ta ba ni ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, ni da littattafaina da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da kawuna ya bar mini. Ba ni da yawan magana. In baƙi sun zo nakan fito in durƙusa in gaishe su in koma, har wasu suka ɗauka ɗan haya ne. Kaka kuwa maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta gajiya da faɗa wa mutane cewa ba a taɓa yin maigida marar amfani irina ba: ba cefane, ba hira, sai kallon gilashin ordinata.

Wata safiya na sayo ƙosai a bakin layinmu. Ina buɗe ƙunshin sai na ga takardar ba ta jarida ba ce, ba kuma ta buhun siminti ba. Shafi ne na wani tsohon littafin labarin ƙasa na Faransanci, da taswirar gulbi a jikinsa. An ja layi da fensir a ƙarƙashin wasu kalmomi, an yi ƙananan rubutu a gefe da hannu mai tsabta. Mai ya riga ya jiƙa rabin taswirar. Na lashe yatsuna, na shimfiɗa shafin a kan gwiwa, na karanta shi ciki da baya. Da na tuna da ƙosan, ya huce.

Washegari na yi ƙarfin hali na tambayi mai ƙosai inda take samun takardun.

"Wurin matar darakta mana, ta bayanku," ta ce, tana juya ƙosai a kasko. "Ɗaki guda ne cike tun daga ƙasa har sama. Ɗanta ya ce bayan Babbar Salla zai fasa bangon ɗakin ya yi shago. Abin da ban kwashe ba mai tsire ya kwasa, sauran kuma wuta."

Na san daraktan a labari. Shugaban wata lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, ya rasu tun ina ƙarami. Abin da ban sani ba shi ne ya bar ɗakin littattafai a bayan katangarmu, ga shi kuma ana cinye su da yaji kowace safiya. Salla kuwa ta matso.

Wani zai ce ai sai in zagaya in yi sallama in roƙa. Wanda ya faɗi haka bai san ni ba, bai kuma san kakata ba.

Gidajen unguwarmu jere biyu suke, baya da baya, kowane jere ƙofofinsa na kallon layinsa. A yammacin gidan kaka akwai gidan wani tela, a gabas kuma kango ne da 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke fakewa a inuwarsa. Bayanmu sak akwai benen wata Hajiya mai sayar da atamfa. Gidan matar darakta yana gabas da na Hajiya, shi ne na ƙarshe a jerensu, saboda haka da namu a kusurwa kawai suka haɗu. Wata damina indararon gidan darakta ya yi ta zuba a gindin katangar kaka har kusurwar ta zube. Darakta ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Amma matarsa, daga can cikin gidanta, ta ɗaga murya yadda za a ji ta ce, "Katangar dama ta tsufa, kamar mai ita."

Kaka Bagobira ce ta Tibiri, ba ta mayar da magana da zafinta. Sai da magina suka zo ta tsaya a kansu, ta sa suka janye kusurwar, suka bar rata mai faɗin yatsu huɗu tsakanin katangarta da waccan. Ƙadangaru suka samu gida. Daga ranar, in aka ambaci matar darakta sai kaka ta ce, "Ban san ta ba. Ba maƙwabciyata ba ce, ko katanga ba mu haɗa ba." Ta kuma kafa doka cewa duk mai cin tuwon gidanta ba ya taka wancan gida. A Zariya kuwa ko tari ka yi a wancan layi, kafin ka zagayo labarin ya riga ka isowa.

Sai na fara ceton littattafan ta hanyar da na iya, wato ƙosai. Nakan saya in ce a raba mini ƙunshi-ƙunshi, wai na abokai ne, ni da ba ni da abokan da suka kai yawan ƙunshin. In dawo ɗaki in shanya shafukan, in ci abin da na iya ci. Shafukan ba sa bin juna. Yau in samu farkon babi, gobe in samu ƙarshen wani, tsakiyar tana hannun wani ɗan kabu-kabu yana share baki da ita. Daga baya ma sai abin ya lalace, takardun jarrabawar yara kawai nake samu, da jan biro a jikinsu. Cikina kuma ya fara ƙorafi.

"Maigida," kaka ta ce wata rana da ta ga na ture kwanon tuwo, "tuwona ne ya yi maka laihi, ko mai ƙosan ce ta yi maka asiri?"

Na ce karatu ne.

"Karatun da ke sa mutum gyatsar wake. Allah ya sawwaƙe."

Karatun nawa kuwa a kan gonakin noman rani na Jiratawa ne, inda kawuna ke noman zogale. Tambayar da nake bi ita ce: in tsutsa ta kama zogalen wata gona, shin ta fi saurin kama gonakin da ke maƙwabtaka da ita? Kafin a amsa, sai an koya wa na'ura su wane ne maƙwabta, don ita ba ta san zumunci ba. Da manhajar taswira na zana kowace gona daga hoton da aka ɗauka daga sama. In na danna gona ɗaya sai ta yi rawaya, maƙwabtanta su yi kore, siririn zare ya fito daga tsakiyarta zuwa tsakiyar kowannensu. In aka kunna duka a tare, kwarin gaba ɗaya sai ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Nakan daɗe ina kallon wannan, ba don aiki ba.

Doka biyu ce manhajar ke bi, kai ne za ka zaɓa. A ta farko, maƙwabci sai wanda kuka haɗa gefe. A ta biyu, ko kusurwa ce kawai ta taɓa kusurwa, ya zama maƙwabci. Bayan haka sai nauyi: kowace gona tana da nauyi guda cif da take raba wa maƙwabtanta daidai. Mai maƙwabta huɗu kowanne ya samu kwata, mai biyu rabi-rabi, mai maƙwabci ɗaya kuwa wannan ɗayan ya ɗauke duka. Akwai kuma wani ɗan gurbi da nake kira rangwame. Hannun mai zane yakan yi rawa, ya bar 'yar rata kamar silin gashi tsakanin gona da gona, sai na'ura ta ce ba su haɗu ba, gonar ta tsaya ita kaɗai ba zare ko ɗaya. A wannan gurbi ake gaya mata cewa ratar da ba ta kai kaza ba, ta kawar da kai.

Ni ba na son rangwame. In na yi shakkar wata iyaka, sai in hau kabu-kabu in tafi Jiratawa in gani da idona. Kawu yakan ce yadda nake leƙen kunyoyin mutane, za a ɗauka gado na zo nema. A can ne wata rana na tsaya a inda gonaki huɗu suka haɗu a wuri guda, na ga manoma biyu da kusurwa kawai suka haɗa suna shan fura a ƙwarya ɗaya. A kan babur, muna dawowa, dabara ta zo mini. Na yi murmushi har mai kabu-kabu ya leƙo ni ta madubi ya tambaya ko lafiya.

Dabarar a kan naman layya ta tsaya. A wurinmu ba a rabon nama ranar Salla. Ana yanka, a feɗe, a buɗe rago a kan sanduna a giciye, mutanen layi su haɗa wuta guda a ƙofar gida, a jera ragunan kewaye da ita har yamma. Washegari ake rabo. Kaka kuwa ba ta wasa da haƙƙin maƙwabta: duk wanda ta haɗa katanga da shi sai kasonsa ya je, kuma ni ke kaiwa. Ke nan in matar darakta ta zama maƙwabciya, zan shiga gidanta da faranti a hannu, da izinin kaka, ba mai cewa na karya doka.

Akwai kuma wani abu da na sani. Tsakanin kaka da Hajiya mai atamfa babu faɗa ko kaɗan, gasar alheri ce kawai, ita kuwa ta fi faɗa zafi. In Hajiya ta aiko da faranti an rufe da sabon ƙyalle, kaka sai ta ɗaga ƙyallen ta auna naman da ido, ta mayar da wanda ya ɗan ɗara shi. Haka suke duk shekara, suna murmushi suna sa wa juna albarka.

Na zana gidajen unguwarmu a manhajar, ɗaya bayan ɗaya. Kango ba gida ba ne, ban sa shi ba. Na gwada dokar gefe, na gwada ta kusurwa, na sa rangwame na cire, na ga abin da kowanne ke fitarwa. Na ga har da abin da ban so in gani ba, na ja taswirar yadda zai ɓuya a bayan gefen gilashi.

Ana dab da Salla, wata la'asar, kaka tana zaune a tabarma tana tsinkar zogalen da kawu ya aiko. Ragon da 'yan'uwanta suka kawo daga Tibiri yana ɗaure a gindin bishiya yana harararmu. Na fito da ordinata na zauna kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba.

"Yau kuma lahiya? Maigida ya hito da gilashinsa shan iska."

"Malaminmu ne ya ce a gwada aikin a wurin da aka sani kafin a kai shi gona. Na zana unguwarmu. Ke kin fi kowa sanin ta, ki duba mini ko na yi kuskure."

Malamin ya faɗi haka da gaske. Kaka kuwa babu abin da take so kamar a ce ta nemo kuskuren ɗan lakwal. Ta ture faifan, ta matso.

Na danna gidanta ya yi rawaya. Na tela da na Hajiya suka yi kore, zare biyu suka fito.

"Waɗannan su ne maƙwabtanki, in ji na'ura."

"Yo wannan ai ko ragon can ya sani. Shi ne kake kwana kana tashi a kansa?"

Na juya zuwa dokar kusurwa, da rangwamena a ciki. Wani sabon zare ya miƙe a karkace ya faɗa tsakiyar gidan matar darakta. Kaka ta bi shi da ido har inda ya tsaya.

"Wanga zare hwa, ina za shi?"

"Na'urar ce ta ga kusurwa ta taɓa kusurwa."

"Ƙarya take yi. Akwai rata. Tashi ka zura hannunka ka ji, in ƙadangare bai gaishe ka ba."

Na yi mata bayanin rangwame, ina kallon ƙasa. Ta saurara har na gama.

"Wa ya yi rangwamen, ita ko kai?"

"Ni."

"A katangar wa?"

"Taki."

"To cire shi. In za a yi rangwame a katangata, ni ce mai yi."

Na cire. Zaren ya ɓace. Ta jawo faifanta tana 'yar dariya, ta ce da ragon ya shaida, ta kayar da Nasara da injinsu. Na ɗan jira, sannan kamar hannuna ne ya zame, na danna gidan matar darakta. Ya yi rawaya. Zare ɗaya tak ya fito daga cikinsa ya nufi benen Hajiya, da lamba ɗaya a gefensa. Na ajiye ordinatar a kan tabarma tana fuskantar kaka, na shiga taya ta tsinkar zogale. Shiru dai shi ne abin da na fi iyawa a duniya, kuma ranar ya yi mini amfani.

Ba ta daɗe ba.

"Wancan kuma mine ne?"

"Nauyi ne. Kowane gida yana da nauyi guda da yake raba wa maƙwabtansa. Ke kina da biyu, tela rabi, Hajiya rabi. Ita wannan ba ta da kowa sai Hajiya, shi ya sa Hajiya ta ɗauke duka."

"Duka?"

"Duka. A ganin na'ura, duk abin kirkin da ya shiga gidan nan ta katanga, daga Hajiya ya fito."

Hannunta ya tsaya a kan reshen zogale.

"Wa zai ga wanga abu?"

"Malaminmu. Da 'yan ajinmu. Wataƙila ma a haska shi a bango ranar da zan kare aikin."

Na ƙarshen nan ban tabbata ba, shi ya sa na ce wataƙila.

"Hajiya!" kaka ta ce, ta rage murya don kada ta tsallake zuwa bene. "Hajiyar da ta zo unguwar nan jiya-jiya? Ina zaune a gidan ga aka kawo matar darakta tana amarya, ko hura wuta ba ta iya ba. Turmin wa ta yi ta ara? Ranar sunan ɗan nata mai son shago, wa ya tuƙa tuwon? Sai yanzu a haska a bango a ce Hajiya duka?"

"Na ɗauka ba ki san ta ba."

"Ruhe mini baki. Maida rangwamen."

Na mayar. Zare biyu suka fito daga gidan matar darakta, ɗaya zuwa bene, ɗaya zuwa gare mu, kowanne da rabi a gefensa.

"Rabi da rabi? Ni da mai atamfa daidai wa daida?"

"Haka na'ura ke rabo."

"Na'ura ba ta cin nama. Cinya guda za ka kai mata, in ga yadda Hajiya za ta kamo ni."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Na kai hannu zan rufe ordinatar, sai kaka ta riƙe mini wuyan hannu.

"Tsaya. Mi ya sa gidana ya maƙale a gehen gilashi kamar an kore shi? Danna shi, ka jawo shi tsakiya in gan shi da kyau."

Ba yadda zan yi. Na danna, na jawo. Daga yamma wani zare ya bayyana, shi ma a karkace, ya faɗa gidan da ke ɗaya kusurwar bayanmu. A wannan gida ne wata mata ke koya wa 'yan mata ɗinki. Suna da yawa, kekunansu a zaure suke, kuma duk wanda ya wuce sai sun tanka masa. Saboda su nake zagaye mai nisa in zan je bakin titi. Sun sa mini suna shiru-shiru, kuma in sun hango ni sukan tsayar da kekunan gaba ɗaya don in ji takun ƙafata.

Kaka ta dubi zaren, ta dube ni, ta fashe da dariya har faifan ya kife.

"Ashe ɓoye shi ka yi, munahukin Allah! To in kusurwar gabas maƙwabta ce, ta yamma ma maƙwabta ce. Haƙarƙarin da nake aje maka duk shekara, bana nasu ne. Kai za ka kai, kuma da su za ka hwara."

Ranar rabo na sa sabuwar riga, na ɗauki farantin haƙarƙarina, na tafi kamar mai zuwa wurin allura. Na yi fatan saboda Salla ba kowa. Duk suna nan, sun zo gaishe da malamarsu, sun ci ado. Na yi sallama.

"Wayyo Allah, ashe yana magana!"

"Sake yi, mu na nan baya ba mu ji ba."

Na sake.

"Muryar ma ba laifi. Me ya sa kake rowarta?"

Wata ta zagaya bayana ta kama kafaɗar rigata da yatsu biyu ta ce, "Wa ya ɗinka maka wannan? Faɗi gaskiya, me ka yi masa?" Tela maƙwabcinmu ne ya ɗinka, amma ban tona masa asiri ba. Sai da malamarsu ta fito ta kore su, ta karɓi naman tana mamaki, ta ce a gaya wa Inna Allah ya maimaita mana. Na fito gumi ya jiƙe ni sharkaf. Har na kai ƙarshen layi ina jin suna kwaikwayon sallamata.

Na koma na ɗauko cinyar. Kaka ta rufe ta da ƙyallen da take ɓoyo a ƙasan akwati.

Matar darakta 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai tabarau. Na same ta a gindin lemun tsami, ga farantin Hajiya a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye nawa.

"Daga ina, ɗan nan?"

"Daga kakata. Ta nan kusurwa."

Ta ɗaga ƙyallen, ta daɗe tana kallon cinyar. Ta dubi farantin Hajiya, ta sake duban cinyar.

"Lafiyarta ƙalau kuwa? Ba ciwo take yi ba?"

"Ƙalau take, Inna."

"To mafarki ta yi."

Na fara bayanin zare da kusurwa da rangwame, harshena yana harɗewa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kai ne mai sayen ƙosai ƙunshi-ƙunshi? Mai ƙosai ta gaya mini. Tun da na ji na daina ba ta na kirki, takardun jarrabawa nake ba ta. Na ce bari in ga ko zai zo da ƙafarsa, ko sai wake ya kashe shi."

Ta tashi da ƙyar, ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta buɗe ɗakin. Ƙanshin tsohuwar takarda ya buge ni. Littattafai ne a kan katako, a cikin kwali, a ƙarƙashin gado, wasu gara ta taɓa, yawanci lafiya lau. Ba ƙura a kansu.

"Ni ban iya karanta ko ɗaya ba," ta ce. "Share su kawai nake yi, don shi ba ya son ƙura. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su. Mai ƙosai ce ta fara tambaya."

Na shafa bangon wani littafi, ita kuma ta ci gaba.

"Kwashe su duka kafin mai shago ya zo. Amma ba za su bi ta layi ba, Hajiya ta leƙo daga bene ta ce na sayar da kayan mijina. Ta kusurwa za su bi. Ni in miƙa, kai ka hau katanga, a can kuma a samu mai karɓa."

Ta faɗi wannan na ƙarshe tana gyara tabarau, ba ta dube ni ba.

Da na gaya wa kaka, ta ce ita ba 'yar dako ba ce, kuma bayanta na ciwo. Da la'asar ta yi, na same ta a kusurwa ta riga ta shimfiɗa tabarma don kada littattafan su taɓa ƙasa.

Na jero su a gindin katangar matar darakta, na taka tsohon durum na hau, na zauna daidai kan ratar, ƙafa ɗaya a can ɗaya a nan. Ƙadangaru suka watse. Matar darakta ta miƙo, na karɓa, na miƙa wa kaka. Ba sa ganin juna, ni kaɗai suke gani, don haka ta kaina magana ke bi.

"Gaya wa kakarka naman ya yi gishiri."

"Gaya mata haƙora ne ba ta da su, shi ya sa take tsotsa."

"Gaya mata turminta da na ara dama a tsage yake."

"Gaya mata ban ce ta biya ba."

Ban gaya wa kowa komai ba, don kowacce ta ji da kunnenta. Ina dai karɓa ina miƙawa. Can na juya da wani babban ƙamus a hannu, sai wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle daga katangar kaka ya faɗa cikin ratar, ƙasa ta bi shi tana zuba. A ɓangaren matar darakta ko numfashi ban ji ba.

Kaka ta karɓi ƙamus ɗin, ta share bangonsa da bakin mayafi, ta ɗora a kan sauran. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji.

"Zauna a hankali, maigida. Katangar ta tsuhwa, kamar mai ita."

Daga can aka yi wata 'yar dariya mai haɗe da tari.

"Mu duka, Bagobira. Mu duka."

Kafin magariba littattafan sun ƙare tsallakowa, amma tsofaffin biyu ba su ƙare hira ba. Na sauko na bar su kowacce a gindin katangarta, suna lissafa waɗanda suka rasu a unguwa da waɗanda suka tashi, da 'ya'yan wane da suka yi aure ba a gaya wa wance ba.

Ratar tana nan har yau. Da kawu ya ce a kira magini a cike ta, kaka ta hana, ta ce rangwame ta yi, ba mantuwa ba. Ta wurin ake miƙa kwanon miya yanzu, a ɗaure da igiya. Hajiya kuwa da ta ji labarin cinya, Sallar da ta biyo baya ta aika wa matar darakta da biyu.

A ƙasan wani kwali na samu littafin labarin ƙasan nan, rabinsa babu. Na ɗauko shafukan da na shanya, na jera su bisa lamba, na mayar da kowanne gurbinsa da gam. Da yawa ba su dawo ba. Taswirar gulbin dai ta koma wurinta, kuma har yanzu in na buɗe wannan shafi ƙanshin ƙosai nake ji.